Daga Na'ibawa Zuwa Sapele: Abin da Muka Koyo a Bakin Zarto

Katakon da muke rufin gidaje da shi a Kano baƙo ne. Itatuwan da muka tashi a gindinsu, kuka da tsamiya da gawo da ɗorawa, kowanne da ranarsa, amma ba su ake fasawa a fitar da falanki mai tsawon ƙafa 12 ba. Kakanninmu azarar giginya suka sani. Tun da rufin kwano ya shigo muka koma dogaro da dazukan kudu, kuma duk wanda ya taɓa shiga 'Yan Katako a Na'ibawa ya ga shaida da idonsa. Tireloli ne ke sauke afara da obeche da loko, wani lokaci da sauran danshi a jikinsu, an kwaso su daga Edo da Delta da Ondo da Kuros Riba.

Kawuna a wannan kasuwa ya yi furfura. Da ya ce zai tafi Sapele saro kaya, na roƙe shi ya tafi da ni, domin na daɗe ina son ganin inda wannan dukiya take fitowa. Ya amince, amma da sharaɗin in taho da ƙanena, wanda bai jima da gama koyon kafintanci ba, ya kama shago, har ya sa masu walda sun haɗa masa injin zarto na tebur. Kawu ya ce yaron da zai ci abinci da katako gara ya san shi tun yana gungume. Akwai kuma dalilin da bai faɗa ba sai da muka yi nisa. A sashen masu injina na kasuwa, in ka tsaya gaisawa da mutane, ba za ka daɗe ba hannunka zai faɗa cikin hannun da yatsunsa ba su cika ba. Wani babban yatsa ya rasa, wani manuni da na tsakiya. Kawu ya taɓa kai yaro asibitin ƙashi na Dala da kansa, yatsan a ƙunshe cikin leda. Ba ya son ɗan 'yar'uwarsa ya shiga wannan sahu.

Mun bar Kano bayan sallar asuba. Daga Kura zuwa Kwanar Dangora, Zariya har Kaduna, hanya ce da kowa ya sani, ba sai na ɓata muku lokaci ba. Kawu dai yana gaba yana nuna mana itatuwa da baki: ga inda kuka ta fara ƙaranci, ga doka, ga kawo, ga maɗaci can bakin rafi. Muka wuce Tafa inda manyan motoci ke ya da zango, Dutsen Zuma ya tare mana ido, sai Zuba da Gwagwalada da Abaji. Bayan Koton Karfe muka hau gadar Murtala a Jamata, muka ƙetare kogin Kwara da yamma liƙis, muka kwana a Lakwaja inda Kwara da Binuwai suke gamuwa.

A nan ne, muna cin kifi da dare, Kawu ya kawo zancen madobiya. Itace ne da Fulani ke sassabe wa shanu ganyensa da rani, ba wanda ya ɗauke shi wata babbar dukiya, sai da 'yan kasuwar China suka fara nemansa don yin kujeru masu tsada. Cikin 'yan shekaru aka yi wa dazukan Kogi da Taraba ƙarƙaf, har a 2017 aka sanya shi cikin jerin itatuwan da yarjejeniyar CITES ta taƙaita cinikinsu tsakanin ƙasashe. Kawu ɗan kasuwa ne, bai ƙi riba ba, amma yadda ya ba da labarin babu daɗi a muryarsa. Ya ce wanda ya sare a shekara guda abin da ya yi shekara hamsin yana girma, bashin jikokinsa ya ci.

Washegari muka bi ta Okene mai duwatsu, muka sha ƙurar siminti a Okpella, muka wuce Auchi. A Ekpoma hanya ta cushe, tireloli sun yi jerin gwano, da yawansu katako ne a bayansu sun nufi arewa. Direbobin 'yan'uwanmu ne, sun shimfiɗa tabarmi a ƙarƙashin mota suna jiran hanya ta buɗe. Duk wanda ke ƙorafin tsadar katako a Kano, da zai ga wannan layi da ya rage faɗa. Daga Benin mai jar ƙasa sai gonakin roba da kwakwar manja hagu da dama, iska ta yi nauyi, riga ta manne a jiki. Mun yi tafiyar kimanin kilomita 900 kafin mu shiga Sapele.

Hanci ne ke fara sanar da kai ka iso. Warin ɗanyen katako ne gauraye da na ruwa da hayaƙin dusar katako da ake ƙonawa. Garin yana bakin ruwa, inda kogin Ethiope da na Jamieson suke haɗuwa su zama kogin Benin, kuma wannan ruwa shi ya yi garin. Ta kansa ake ɗauro gungumomi jere da juna daga cikin daji, suna yawo a ruwa har bakin injina. A zamanin Turawa kamfanin UAC ya kafa masana'antar katako da filawud ta AT&P a nan, wadda ta zama ɗaya daga cikin mafiya girma a Afirka, ta ɗauki dubban ma'aikata. Ta daɗe da durƙushewa, amma sunan garin ya riga ya zaga duniya, domin akwai wani jan katako mai ratsi-ratsi da ake ƙofofi da jita da shi a Turai da Amurka, wanda har gobe sapele ake ce masa, ko da yake yanzu yawancinsa daga Kamaru da Kwango yake fita. Abin da ya rage a garin shi ne ƙananan injinan fasa gungume a gefen ruwa, da mata masu kwashe dusa da ɓawo a kwanduna, da ƙartin da ke juya gungumen da ya fi su kauri da sandar ƙarfe.

Kawu ya gama cinikinsa, sannan ya ce mu je mu gai da wani tsohon amininsa. Dattijo ne ɗan ƙasar, ya koyi aikin inji a masana'antar tun yana saurayi, daga baya ya yi zama mai tsawo a Sabon Garin Kano, don haka Hausarsa ras. Yanzu yana da shagon ƙofofi da tagogi a wani lungu, shi da yara uku. Da suka gama gaisawa, Kawu bai saki hannunsa ba. Ya ɗaga shi sama ya ce wa ƙanena, "Ƙirga." Ya kamo ɗayan ma. Goma cif, ko farce babu wanda ya guntule.

"Alhaji ba ya gajiya da wannan," in ji dattijon yana dariya. "Ɗana, kai ne ka sayi inji? Zo ka ga nawa."

Injin nasa bai fi na kowa ba. Tebur ne na ƙarfe da aka yi wa walda, mota a ƙasa, bel, faifan zarto ya leƙo ta tsakiya, sai shingen da ake jingina katako a jikinsa in za a tsaga. Abin da ya bambanta shi ne wani guntun katako da aka matse a kan teburin a karkace, bakinsa an tsattsaga shi siri-siri, da wani irinsa da aka maƙala a jikin shingen yana kallon ƙasa. Shi mataji yake kiransa. Amma bai fara da shi ba. Sai da ya kashe wuta daga tushe, ya zare bel, sannan ya sa yatsa a gefen faifan yana juya shi a hankali.

"Dubi haƙoran gaba," ya ce. "Ina suka nufa?"

"Ƙasa, Baba."

"Su ne masu yanka, kuma suna danne maka katako a kan tebur. To na baya fa?"

Ƙanena ya sunkuya. Haƙoran baya tasowa suke daga ƙarƙashin tebur, su yi sama, su nufo wanda ke tsaye. Dattijon ya ce duk masifar injin nan a nan take. Muddin katako yana tafiya sak a jikin shinge, haƙoran baya suna wucewa ne ta cikin tsagar da na gaba suka buɗe, ba su taɓa komai ba. Amma da zarar katakon ya kauce daga shinge ko da kaurin farce, ko tsagar ta matse faifan, haƙoran baya za su cafke shi, su ɗaga shi, su wurgo maka. Faifai mai inci 12 a kan motar da ke juyi 2,850 a minti, bakinsa yana gudun da ya haura kilomita 150 a awa. Babu hannun da ya isa ya riƙe, babu idon da zai ga tahowarsa. Ya nuna mana wani lotsawa a jikin ƙofar kwano da ke bayan injin, daidai tsayin cikin mutum. Ya ce wani yaro ne ya tsaga katako ranar da ba ya nan.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne bayanin da ya biyo baya. Mutane suna zaton wanda zarto ya yanka shi ya kai hannunsa da ganganci ko da gyangyaɗi. Sau da yawa ba haka ba ne. Mai tsaga katako hannunsa na hagu yana danna katakon zuwa shinge, kusa da faifai, yana matsawa da ƙarfi. In katakon ya fizge ya bar wurin, ƙarfin da yake dannawa da shi bai tafi ko'ina ba, sai hannun ya zarce inda katakon yake a da. In kuma hannun yana bayan faifai yana jan katako, katakon ne zai jawo shi ya ɗora a kan haƙora. Ga kuma namu ƙarin: katakon da ake sayar mana ɗanye ne. Kana tsaga shi yana motsi, wani ya buɗe baki, wani ya rufe ya shaƙe faifan.

"Aikin hannun hagun nan," in ji shi, "shi na ba mataji. In zarto zai ci, ya ci shi."

Daga nan ya ce ƙanena ya je kwandon guntaye ya zaɓo wanda za a yi sabo da shi. Yaro da son burgewa, ya ɗauko jan sapele mai kyan gani. Dattijon ya juya shi a haske ya mayar. Ya ce kyan nan nasa daga jijiyarsa yake, wadda take sarƙe da juna, wani layi ya karkata dama wani hagu, in ka yi siraran haƙora da shi za su ɓalle. Filawud ma ba ya yi, haka katakon da aka matsa daga dusa. Abin nema shi ne busasshen katako mai miƙaƙƙiyar jijiya, babu ƙulli, babu tsaga. Ya zaro guntun afara mai kaurin kashi uku cikin huɗu na inci, faɗinsa inci 6, tsawonsa kamar ƙafa 2, yadda zai kai bakin tebur a samu wurin matse shi.

Da farko aka datse bakinsa a karkace, digiri 30. Ba shi da ma'aunin kusurwa, kuma ya ce ba a buƙata. A katako mai faɗin inci 6, ka auna inci uku da rabi daga baki a gefe ɗaya, ka ja layi zuwa ƙuryar ɗaya gefen, ka samu abin da kake so. Sannan ya ja layi na biyu a bayan na farko, mai karkata iri ɗaya, tazararsu inci 5. Nan ne iyakar kowane haƙori. In layin nan bai bi karkatar baki ba, wasu haƙoran za su fi wasu tsawo, dogayen su yi laushi, gajerun su yi tauri, matsin ba zai zo daidai ba. Sai ya zana layuka a tsaye bin jijiya, kwatan inci tsakanin kowane biyu, yadda in faifai ya ci rabonsa, abin da zai rage wa kowane haƙori bai wuce kashi ɗaya cikin takwas na inci da 'yan kai ba.

Wajen yankan ne ya fi tsanantawa. Ya mayar da bel, ya saita shinge, ya tura katakon har layin iyaka, ya riƙe shi gam, ya sa yaronsa ya kashe inji. Muka tsaya muna jin faifan yana rage gudu har ya yi tsit. Sai a lokacin ya zaro katakon, ya matsar da shinge kwatan inci, aka sake tayarwa. Ya ce janyo katako baya alhali faifai na juyawa, gayyatar abin da ake gudu ce. Yaron da bai ƙware ba kuwa, ya ɗaure katakon ya yanka da zarton hannu, ba abin kunya ba ne. Da aka gama, ya ɗauki haƙorin da katako zai fara tararwa ya rage masa tsawo kaɗan, kamar kaurin faifai. Ya goge bakin sauran da sanfefa sama-sama. Duka aikin bai kai tsawon zaman shan shayi ba, kuma ko sisi ba a kashe ba.

Gajeren haƙorin nan ma'auni ne. Ka jingina katakon da za ka tsaga a shinge, inji a kashe, ka turo mataji har gajeren ya taɓa gefen katakon, ka matse a nan. Sauran haƙoran, da yake sun fi shi tsawo, dole su ɗan lanƙwasa in katako ya shigo, kuma wannan lanƙwasar ita ce matsin. Haƙoran suna kallon inda katako ya nufa. Ya ce ƙanena ya gwada. Ya tura gaba, katako ya wuce sumul da ɗan nauyi. Ya ja baya, ya ƙi. Kamar gashin jikin akuya ne, in ka shafa ta inda ya kwanta sai hannu ya zame, in ka komo ta baya ya miƙe ya tare ka. In turawa ta yi wuya har kana nishi, ka matse da yawa, kuma mai turawa da ƙarfin tsiya shi ma yana kusa da haɗari. Ƙarfen matsewa biyu yake sawa, ko ɗaya da wani guntu a tokare ta baya, don kada mataji ya juya in aiki ya yi zafi. Wanda teburinsa na katako ne zai iya huda shi ya ɗaure da noti.

Sai ya dafa kafaɗar ƙanena ya ce, "Wannan ka riƙe shi ko ka manta sauran. Mataji a gaban faifai yake zama." Haƙorinsa na ƙarshe ya tsaya kamar inci guda kafin haƙoran zarto. In ka sa shi daidai gefen faifan ko a bayansa, ɓangaren da aka riga aka tsaga zai danna, ya rufe tsagar a kan faifai, ka haɗa wa kanka masifar da hannunka. Na jikin shinge mai danna ƙasa, shi ke hana katako tashi. Hannu kuwa ba ya bin katako har faifai. Ya ɗauko wata sanda mai ƙugiya a baki, ita ma daga guntu aka yanko ta, da ita ake ƙarasa turawa. Ya nuna mana wani siririn ƙarfe mai lanƙwasa da ke tsaye a bayan faifan, a layi ɗaya da shi, wanda ke shiga cikin tsagar ya hana ta rufewa. Ya fi jikin faifai kauri kaɗan, bai kai faɗin tsagar ba. Ya ce injinan masana'anta duk da shi suke zuwa, namu na walda ne ake haɗawa babu, alhali kowane mai walda zai iya yankawa. Shingen ma a auna shi gaba da baya, ya zama tazararsa da faifai ɗaya ce. Faifai kada ya leƙo sama da katako fiye da tsawon haƙori. Mai aiki kuma ya tsaya a gefe, ba a saitin faifai ba.

Ƙanena ya yi shiru, sannan ya faɗi abin da ke ransa. "Baba, a wajenmu kan kowane yanka ake biya. In na tsaya ɗaure-ɗaure, mai kaya zai wuce gaba. Kuma za a ce tsoro nake ji."

Dattijon bai musa masa duka ba, kuma wannan ya sa na ƙara yarda da shi. Ya ce gaskiya ne, in falanki ɗaya kake ta ciro sirara daga jikinsa, duk yanka faɗinsa raguwa yake, sai ka sake saiti. In gefen katako a karkace yake ko da tudu da kwari, mataji ba zai yi maka komai ba sai ka fara miƙar da shi. Kuma bai ce mataji zai tare kowane fizga ba, rage ta yake tun daga tushe. Amma a aikin da ya fi yawa, kamar fasa tarin tubaifo zuwa tubaitu, ko fitar da firam ɗin ƙofa, sau ɗaya za ka saita ka yi ta turawa, kuma yankan zai fito daidai, babu ƙuna a gefe, babu wanda za a mayar. Game da tsoro kuwa, ya ce shi har yau yana jin tsoron injin nan, kuma duk yaron da ya daina jin tsoronsa, sallamarsa yake.

Wannan matsala ba tamu kaɗai ba ce. A Amurka, hukumar da ke lura da haɗarin kayan da ake sayar wa jama'a ta ƙiyasta cewa kimanin mutum 30,000 ne faifan irin wannan inji ke yanka kowace shekara, kusan 4,000 daga ciki suna rasa yatsa. A can ne wani mai suna Steve Gass ya ƙirƙiro wata dabara a 1999, wadda ta zama injin SawStop. Ana sa wa faifan 'yar wutar lantarki mara ƙarfi, da zarar fatar mutum ta taɓa shi sai na'ura ta ji canji, ta harba dunƙulen alminiyam cikin haƙoran, faifai ya tsaya ya nutse ƙasa cikin abin da bai kai kashi biyar cikin dubu na daƙiƙa ba. Abin a yaba ne. Sai dai kuɗinsa ya fi ƙarfin yawancin shagunanmu, duk harbawa sai an sauya dunƙulen, sau da yawa har da faifan, kuma jiƙaƙƙen katako kan ruɗe shi ya harba a banza. Wanda ke jiran irin wannan inji ya iso Na'ibawa kafin ya kare hannunsa zai daɗe yana jira.

A hanyar dawowa, mun biyo motar kayan Kawu har Lakwaja kafin mu rabu da ita, abin da na yi ta juyawa a raina shi ne yadda muke karɓar wannan asara. In zarto ya cire wa yaro yatsa, sai a ce ƙaddara ce, a yi masa sannu, a haɗa masa kuɗin magani, bayan wata biyu ya dawo kan injin nan dai, yadda yake. Ƙaddara gaskiya ce, babu musulmin da zai musa. Amma addinin da ya koya mana yarda da ita bai ce a bar sababi ba, kuma mutumin da ke kulle shagonsa da kwado biyu kowane dare ya san haka sarai. Har wasu na ɗaukar guntulallen yatsa tamkar shaidar daɗewa a sana'a. Ni ban ga shaidar komai a ciki ba sai ta cewa wanda ya koya masa bai nuna masa ba, shi ma don ba a nuna masa ba. Yaran nan masu shekara goma sha biyar, sha shida, amana ce iyayensu suka kawo. Kafinta da ya rasa babban yatsa ya rasa riƙon guduma da na ƙusa, ya rasa rabin abincinsa, yana da sauran shekaru arba'in a gaba.

Da muka iso Kano, ƙanena bai tayar da injinsa ba sai da ya mayar da shi wajen mai walda aka sa masa ƙarfen bayan faifai. Ya yanka mataji biyu da sandar turawa, ya rataye su a ƙusa kusa da makunni. Maƙwabtansa sun yi masa dariya, daga baya ɗaya ya zo aro, da ya ga yadda firam ɗinsa ke fitowa ba gyara.

Kirana ga iyayen gida masu shaguna ne, da shugabannin ƙungiyoyin kafintoci da na masu injina, daga Na'ibawa zuwa Panteka ta Kaduna da Dei-Dei. Ku ne kuke yanke hukuncin ranar da yaro zai fara taɓa inji. Ku sa ya zama sharaɗi cewa ba zai tsaya a bakin zarto ba sai ya yanka matajinsa da sandar turawarsa, ya saita su a gabanku, ya faɗi dalilin da ya sa ba a sa mataji a bayan faifai. Masu walda kuma kada su sake fitar da inji babu ƙarfen baya. Mai shagon da ya karanta wannan, gobe da safe ya duba kwandon guntayensa, ya zaɓi busasshe mai miƙaƙƙiyar jijiya, ya tara yaransa su yanka kafin a tayar da inji.